Rasuwar Majigi, Mai Ganin Wutar Fulogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata waɗanda baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, nake sanar da 'yan uwa, makanikai da masu tsofaffin motoci rasuwar abokiyar aikina, na'urar duba wutar inji, wadda a makaranta muke kira osiloskof, a garejin Kawu kuma ake ce mata Majigi. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ba 'yar babban gida ba ce. Da araha na same ta, jikinta roba, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Amma da an maƙala ta a wayar fulogi sai ta ce "tit", ta zana koren layi mai tsalle duk sa'ad da wuta ta tashi. Daga tsayin tsallen da rawar jelarsa ake gane ko kwayil ne ya gaji, ko kwandansa ce ta mutu, ko fulogi ne kawai ya yi datti. Ba ta taɓa rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba, halin da ya yi ƙaranci a sana'armu.

Ta kasance mai haƙuri. Ranar da na fara fito da ita, Dogo, babban makanikin Kawu, ya nemi in kamo masa tashar ƙwallo. Shi gwajinsa ya damƙi wayar fulogi da hannu, in ta fizge shi ya ce akwai wuta. Ni kuma aka laƙaba min Injiniya, ba don girmamawa ba. An ɓoye min sifana. An ce digiri ba ya kwance noti. Duk mun shanye, ni da ita, ba wanda ya ga hawayenmu.

Sai aka kawo motar wani tsohon likita, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da sanyi tana tashi lafiya, da ta ɗau zafi sai ta yi tari ta mutu. Kowa ya gwada ya gaji. Kawu ya gindaya min sharaɗi a gaban kowa: in na warkar da ita kafin likita ya dawo daga tafiya, zan ci gaba da taɓa inji. In na kasa, in koma tagar shagon kayan gyara in zauna.

Ranar Juma'a Majigi ta nuna wutar na raguwa da zarar inji ya yi zafi. Kawu da kansa ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai. Saura mu gano wane ne mai laifin, don kayan irin wannan mota ba a samunsu a kasuwa balle a yi ta canji a kan zato.

A garejinmu, duk Asabar Kawu kan tara kayan aikin da yake ji da su, ya jiƙa su a daron fetur, ya goge ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai ɗauka da daraja ba, ba ya shiga daron nan. Wannan Asabar, ina can wajen wankin hannu, ya saka Majigi a tsakanin sifanoninsa. Shekara guda tana jiran a karɓe ta, karɓar ce ta zama ajalinta.

Fuskarta ta yi fari, madannanta suka narke. Na shanya ta, ta ce "tii" a shaƙe, layin ya fito a karkace, ya kwanta. Mai gyaran wayar salula ya buɗe cikinta, ya mayar ya rufe. Sabuwa kuwa sai an yi oda daga nesa, likita kuma jibi zai dawo.

Ta rasu ta bar wayoyin gwaji biyu, caja guda, motar da har yanzu ke tari, da Kawu, wanda tun ranar bai haɗa ido da ni ba. Ban da bakin yi masa faɗa. Alheri ya nufa.

Za a yi jana'iza gobe da safe a bayan gareji, gefen tulin tsofaffin tayoyi. Ba a buƙatar masu ɗauka, ni kaɗai na isa. Za a karɓi gaisuwa daga ranar Alhamis a tagar shagon kayan gyara, inda za a same ni zaune da tsabtatattun kaya, ina miƙa wa Dogo fulogi. Mai zuwa ya yi ta'aziyyarsa ya wuce. Wanda kuma ya ce min dama can nan ne ya fi dacewa da ni, to a shirya jana'iza ta biyu.