Yadda Za Ka Bambanta Sea da Ocean a Gaban Baban Uloma

Kai malamin Turanci mai neman auren Uloma, 'yar Baba Onyekwere na kwatas ɗin reluwe, kwantar da hankalinka. Tambaya ɗaya tsohon yake yi wa duk mai son 'yarsa: mene ne bambancin sea da ocean? Bi matakan nan, mata ta zama taka, ko da ruwan Matsirga mai zubowa daga dutse ne iyakar tekun da ka taɓa gani.

1. Shiga da kwarjini

Ɗaura taye ko zufa za ta kashe ka. Maƙale ƙamus a hammata, amma kada ka buɗe. Mai ilimi ba ya buɗe littafi a gidan surukai.

2. Kada ka bi sawun Leonard

Shi daga gama kwaleji a garin Gidan Waya ya zo neman Uloma, ya ce ai duk ɗaya ne, ruwan gishiri ne. Ko lemon da aka kawo masa bai shanye ba aka nuna masa ƙofa. Wani manemin kuwa, Kambai, taswira ya zana a ƙasa, ya yi ta lacca har abinci ya huce. Har yau gwauro ne.

3. Ba da amsa

Ka ce ocean shi ne babban, ba gaɓa ba tudu. Sea ƙaninsa ne, yana raɓe da ƙasa, wani ma ƙasa ta kewaye shi. Faɗa kamar wanda ya yi wanka a duka biyun.

4. Ja bakinka

Tsohon zai matso da kujera, ya rage murya.

"Tisha, kamfani ya ce Chibuikena ya faɗa cikin sea. Ba su ce ocean ba. To mutum zai iya yi iyo ya fita, ko?"

Chibuike ɗan farinsa ne. Ya kama aikin jirgin ruwa a Fatakwal a shekarar tamanin da tara, bai dawo ba. Uloma za ta tsaya a bakin labule da tire a hannu. Kada ka dube ta, tausayi zai ɓata maka shiri. Ka ce, "Baba, mai ƙarfi zai iya." Sauran iliminka, haɗiye shi.

Gargaɗi

Aure na yi maka alkawari, ban ƙara da komai ba. Idan duk ranar da jirgin ƙasan Fatakwal zai shigo tsohon ya sa kwat ɗinsa na coci ya ce ka raka shi tasha, ba ruwana. Tashi ka riƙe masa lema. Kai ka ce masa zai iya.