Korau da Kyanwar da Aka Hana Nama

Sunan garin ya ɓace mini. Na san dai akwai tsamiya a bakin kasuwa, kuma na yi damina biyu a can ina karantar da dattawa bayan la'asar. Wanda ban manta ba shi ne Korau. Gidansa ne na ƙarshe kafin gonaki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a nesa, babu kowa a gidan sai shi da wata farar kyanwa da yake kira Tasalla. Akushi ɗaya suke ci. Shi kuwa Korau, yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana ƙafafunsa suka kumbura, ya je ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya duba shi ya ce, "Baba, daga yau nama da kifi da ƙwai da nono kada su sake shiga gidanka. Ganye da wake da hatsi kawai." Korau ya dawo ya zaunar da Tasalla ya gaya mata dokar. Kashegari da hantsi Bafulatana mai nono ta yi sallama, za ta zuba wa kyanwar kaɗan a sakaina su taɓa hira kamar kullum. Ya tare ƙofa.

"Yi haƙuri, an hana mu."

"Har da magen?"

"Gidan aka ce. Ita a ina take kwana?"

Matar ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta sake biyowa ta nan ba.

Wata rana Tasalla ta shigo da ɓera a baki. Korau ya bi ta har ƙarƙashin gado ya ƙwace. "Haba Tasalla, wannan ganye ne?" Ya toshe ramukan ɗakin da laka, ya rufe ta a ciki, kada gobe ta jawo musu ƙadangare. Ya riƙa ba ta kwaɗon zogale da dafaffen wake. Yunwa ta sa take ɗan taɓawa, shi kuma yana murna wai ta saba.

Wata rana, da Babbar Sallah, maƙwabcinsa Magaji ya kawo masa cinyar ragon layya da hannunsa. Korau ya ƙi karɓa. Mayar da naman layya ba ƙaramin abu ba ne. Mutane suka ce girman kai ya kama shi, suka daina leƙa shi. Na je na same shi na ce, "Korau, ai kai ake wa magani, ba ita ba."

"Gafarta Malam, ni ban ji ya cire kowa ba."

Ban tuna amsar da na ba shi ba. Na tuna kyanwar dai: ta rame, gashinta na zuba, ta taso za ta zo wurinsa ta yi karo da turmi. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya yana cewa, "Ke ma tafiya za ki yi ki bar ni?"

Wata rana yayarsa Goggo Yalwa ta zo daga ƙauyensu, ta ga kyanwar, ta kama baki. "Wannan ai ta gama. Kai ta bola kafin ta mutu maka a ɗaki." Korau ya naɗe ta a tsohon zanen matarsa ya tafi yana share hawaye. Bolar garin kuwa a bayan rumfar mahauta take. Da yake an ce ya kai ta, ba a ce ya dawo ba, sai ya zauna kusa da ita. Tasalla ta shinshina, ta ja jiki, ta sami guntun huhu ta kama ci.

"Korau, bola ka tare?" in ji Sarkin Fawa.

"Aiko ni aka yi."

Sai da magariba mahauta suka kore shi, ya ɗauko abarsa. Tunda ba wanda ya janye aiken, kowace safiya sai ya sake kai ta. Mahauta na tsokanarsa, suna jefa mata hanta. Kafin lokacin kaka, Tasalla ta yi ƙiba, gashi ya fito. Ganinta ne bai dawo ba. Da muryarsa take gane inda yake, don haka ya riƙa yin magana ko babu abin faɗa.

Bayan shekaru na haɗu da wani likitan dabbobi a mota, na ba shi labarin. Ya ce haka ne: akwai wani sinadari a jikin nama da kyanwa ba ta samunsa a hatsi ko ganye. In ta daɗe ba shi, zuciyarta ta raunana, idonta ya mutu. Zuciyar takan farfaɗo in an koma ba ta nama da wuri. Idon ba ya dawowa.