Dawowar Ba-zata Da Na Yi Wa Matata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ina neman hular da ke kaina, da wata Talata da na dawo gida daga bakin daga. Abokan aikina sun ji labarin ta bakuna da yawa, kowa da gishirin da yake ƙarawa, don haka gara in faɗa da kaina, tunda ni abin ya samu.

Ni soja ne, kofur, ɗan Janbako ta ƙasar Maradun. Da na yi aure sai na kama wa matata Luba haya a Talatar Mafara, wani ɗan gida mai zaure da ɗaki biyu da dogon yaro a tsakar gida. Ba mu gama sanin halin juna ba aka kwashe mu zuwa arewa maso gabas. Na bar ta da cikin wata biyu, na ce mata wata shida zan yi. Shekara guda da wata ɗaya na yi.

Inda aka ajiye mu, sai ka hau wani tudu ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin ka samu layi. A kan tudun nan na ji an haifa mini ɗa namiji, a nan na ce a sa masa sunan marigayi mahaifina, ana kiransa Baffa. Hoto ɗaya tak ya iso gare ni, na ranar suna, an naɗe shi cikin tawul, ba ka ganin komai sai goshi da hanci. Na kalli hoton nan har ya zauna a kaina. Sannan wata biyu kafin a sallamo mu, wayar ta faɗa ruwa a wani rafi da muka tsallaka, ta tafi da layin da hoton da komai.

Da aka ba mu hutu na sayi sabuwar waya da sabon layi. Lambar Luba kuwa na haddace ta kamar Fatiha. Abin da mai hankali zai yi a fili yake. Amma akwai wasu hotunan bidiyo da muke kallo a wayar wani abokina, na sojojin ƙasashen waje da ke dawowa gida ba sanarwa, mata na ihu, yara na tsalle, har kare na kuka. Na ce wallahi nima sai na yi wa Luba irin wannan. (Ban tsaya na tuna cewa su waɗancan gidajensu ba su da zaure, kuma ba a rubuta "ba shiga" a ƙofarsu ba.)

Na sauka tashar Mafara bayan Azahar, ranar kasuwa, gari ya cika maƙil. Ina cikin kaki, jaka a baya, leda a hannu da atamfa biyu da 'yan kayan jariri. Na hau kabu-kabu, na ce ya sauke ni bakin layi, don kada ƙarar babur ta tona min asiri. Na laɓaɓa kamar mai sintiri, na tura ƙofar zaure a hankali, na shiga. Ban yi sallama ba. To, na yi, amma a zuci, irin wadda ko mala'ikun kafaɗata sai sun kasa kunne.

Tsakar gida fes, an share an yayyafa ruwa. Na ga sabon labule, na ga randa ta koma wani gefe, na ga allo da wasu littattafai a kan taga. Na ce a raina, ka ji mace ta gari, ina can ina fama ita tana nan ta koma karatu. Daga makewayi na ji ƙarar ruwa, alamar wanka ake yi. Daɗi ya kama ni. Na ce bari in zauna, ta fito ta tarar da ni kamar an jefo ni daga sama.

A gindin dogon yaro an shimfiɗa tabarma, ga kula biyu a rufe, ga kofin ruwa. Na buɗe, tuwon shinkafa ne da miyar taushe, yana tururi. Rabona da abinci tun Gusau, rabona da tuwon gida kuwa shekara. Ban tambayi kaina wa aka ajiye wa ba. (Na ɗauka zuciyarta ce ta raya mata ina tafe. Haka so yake mayar da mutum.) Na cire takalmi ɗaya, na kasa haƙurin cire na biyu, na wanke hannu na hau tuwo. Ina ci ina cewa lallai hannun Luba ya faɗa, da can gishirinta kan yi yawa. Malmala uku ce. Ban bar ko ɗaya ba.

Ina suɗe hannu sai na ji 'yar ƙara daga cikin ɗaki. Na ɗaga labule. Ga jariri a kan katifa, da 'yar hular sanyi, yana wutsil-wutsil da ƙafa. Jama'a, ni da na ga abubuwan da ba na son faɗa ban zubar da hawaye ba, sai ga ni durƙushe ina kuka kamar an mari yaro. Na ɗauke shi na fito haske. Na tofa masa addu'a. Na ce, "Baffa, ga babanka ya dawo." Na duba fuskar da kyau na ce, "Allahu Akbar, hancina sak! Har goshin marigayi!" Jaririn ya yi min dariya, na ce jini ba ƙarya ba ne.

A nan ƙofar makewayi ta buɗe. Na juya da murmushin da na yi shekara ina tanadi.

Wata mata ce doguwa, da zani ɗaure a ƙirji da bokiti a hannu. Ban taɓa ganinta ba a duniya. Luba gajera ce. Muka kalli juna na ɗan lokaci, sai bokiti ya faɗi, ta koma makewayi da gudu ta banko ƙofa, ta kwarma ihun da na tabbata an ji shi har kasuwa.

"Wayyo jama'a! Ku taho! Ga wani zai tahi da ɗiyata!"

Ni kuma, maimakon in ajiye jariri in fita, sai na tsaya ina tambayar ƙofar makewayi, "Baiwar Allah, ke wace ce? Ina Luba? Me kike yi a gidana?"

Kafin in rufe baki zaure ya cika. Maza da sanduna, wani da taɓarya, wani mahauci da abin aikinsa a hannu. Ku kwatanta abin da suka gani: ƙato cikin kaki, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huda, hawaye shaɓe-shaɓe, miyar taushe a gemu, rungume da jaririn mutane. Kuma kun san halin da ƙasarmu ke ciki, kaki kaɗai ba ya wanke mutum. Wani ya ce, "Yanzu kowa na iya ɗinka wagga riga." Wani ya ce a rufe ƙofa kada ya gudu. A gaskiya na tsorata fiye da yadda na taɓa tsorata a daji, don a can na san wanda ke gabana abokin gaba ne, nan kuwa maƙwabta ne masu gaskiya.

Na ce, "Ku tsaya! Gidana ne, ɗana ne! Ku dubi hancin nan ku dubi nawa!"

Wannan maganar ita ce har yau in na tuna nake rufe fuska da filo.

Sai wani siririn mutum mai farar jallabiya ya ratso taron, ya zo gabana, ya miƙo hannu biyu a natse. Daga baya na san sunansa Malam Sirajo, ɗan Faru, malamin Islamiyya, shi ne mai gidan kuma mai tuwon. Ya ce, "Soja, ba ni ita tukuna, sannan mu yi maganar hanci."

Na ce, "Ita?"

Ya karɓa, ya zame hular kaɗan. Ga 'yan kunne biyu suna ƙyalli. Ya ce, "Mace ta. Sunanta Ruƙayya." (An koya mini gano siririyar wayar bam da aka binne cikin yashi daga taku goma. 'Yan kunne a kunnen jariri, a hannuna, da rana tsaka, sun gagare ni.)

Allah ya taimake ni da Gwaggo Tumba, tsohuwar da ke gidan da ke jikin namu. Ta shigo tana dogara sanda, ta matso ta leƙa fuskata, ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ku aje sandunanku, wanga ai mijin Luba na! Kai ɗan nan, mi ya same ka ka baƙe haka? Ba a hwaɗa maka sun tashi ba?"

A nan na ji labari. Baffa ya yi zazzaɓi mai zafi da damina, Luba ita kaɗai a gida. Wana, Yaya Bello, wanda ke koyarwa a Bakura kuma Innarmu ke wurinsa, ya ce zaman ya isa haka, ya zo ya kwashe su da kayansu mako bakwai da suka wuce, Malam Sirajo kuma ya kama hayar gidan. Sun kira layina har sun gaji, sun tura saƙo ya fi a ƙirga, duk suna can ƙasan rafi. Luba ta yi sati tana kuka, tana zaton abin da kowace matar soja ke tsoro ne ya faru. Da na ji wannan sai kunyar ta koma wani iri. Ina nan ina shirya wasa, ita tana can ba ta san ko ina da rai ba.

Taro ya watse da dariya, mahauci har da riƙe ciki. Na fita zaure na durƙusa na ba Malam Sirajo haƙuri, na roƙe shi ya ba iyalinsa haƙuri. Ya ce ba komai, wanda ya yi shekara yana tsare mu ya ci tuwo uku, ai mu ke da riba. Sai ya leƙa kular ya ƙara da cewa, "Ko da yake da ka rage min miya da na gode." Sannan ya tayar da babur ɗinsa ya ce in hau, shi zai kai ni Bakura da kansa, don kada in shiga wani gidan a hanya.

Muna tafe tsakanin gonakin shinkafa ina lissafin yadda zan ɓoye zancen. Ashe Gwaggo Tumba na da waya, kuma ta iya amfani da ita fiye da ni. Muna isa ƙofar gidan Yaya Bello na tarar da shi tsaye yana danne dariya. Na yi sallama da ƙarfi har awaki suka firgita. Inna ta rungume kaina tana hamdala, ta shafa fuskata, ta ce na rame. Sannan ta juya ta ce, "Luba, kawo mishi nashi, ya duba da kyau."

Luba ta fito daga ɗaki da yaro a kafaɗa. Ta yi niyyar ɗaure fuska, na gani, amma idonta ya cika. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa." Ta miƙo min shi. Na karɓa. Baffa ya dube ni sau ɗaya, ya tsandara kuka, ya miƙa hannu wurin uwarsa. Hancinsa kuwa na Luba ne, babu nawa ko kaɗan. Sai da na kwana huɗu ina lallashi kafin ya yarda ya kama yatsana, ranar na ji kamar an ƙara min igiya.

Da muka keɓe, Luba ba ta yi min faɗan waya ba sai da ta gama kukanta. Bayan nan ta yi, kuma na cancanta. Ta rufe da tambaya ɗaya: "An ce ka cinye tas. Nata ya fi nawa ne?" Na ce yunwa ce kawai. (Zancen gishiri kuwa, yau ne ya fara fita daga bakina, kuma ina roƙon ku rufa min asiri.)

Kafin hutuna ya ƙare takarda ta zo, an mayar da ni bariki a Kwantagora, kuma an ba ni ɗaki na iyali. Karo na farko tun aurenmu za mu zauna wuri ɗaya ba tare da ƙirga kwanaki ba. Muka ɗaure katifa da tukwane a bayan a-kori-kura, Inna ta cika mu da addu'a da daddawa. Muka biya ta Mafara, Luba ta shiga ta gaida matar Malam, ta kai wa Ruƙayya 'yar riga, suka yi ta dariya har ina jiyowa daga waje inda na tsaya nesa da zaure. Har yanzu in Malam Sirajo ya kira ni, da "ɗiyarka na gaishe ka" yake farawa.

Yanzu Baffa na gudu, yana tarye ni tun daga bakin layi. Luba ta shiga makarantar koyon ɗinki ta matan bariki, ta yi ƙawaye daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Matsala ɗaya ce: gidajen bariki duk iri ɗaya ne, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Don haka kullum in na taso aiki sai in tsaya a ƙofata, in duba lamba, in yi sallama da murya sama, in jira sai na ji muryar Luba da kunnena. Maƙwabta na cewa ba su taɓa ganin soja mai ladabi irina ba, ni kuwa ba na gyara musu. Abin da na koya shi ne, sallama ba ta rage wa namiji komai, ko a gidansa, balle in ya yi shekara bai tabbatar gidan nasa ne ba.