Madam Farzidan da Kajin Aro

Duk mai cewa mata ba su iya mulki ba, a kai shi unguwar Zariya ta Maraɗi ya ga Hajiya Fadila. Ita ce shugabar Ƙungiyar Mata Masu Kiwon Kajin Zamani. Ita ta kafa ƙungiyar, ita ta raɗa mata suna, ita kuma ta zaɓi kanta babu hamayya. Tun daga ranar ta daina amsa Hajiya tsura, sai ka ce Madam Farzidan, wato shugaba a bakin Faransa. 'Yan unguwa, saboda tsabar ƙauna, suka ƙara mata da Uwar Kaji, amma sai ta ba da baya suke faɗa.

Ilimin kaji kuwa ba a magana. Ta taɓa zuwa taron bita a Yamai, inda ta ci cinyoyin kaji a otal har ta fahimce su ciki da bai. Tun da ta dawo, ba a yin suna ko biki ba ta yi wa'azi ba.

"Ba annoba ke kashe kaji a ƙasar nan ba, jahilci ne," haka take cewa tana kaɗa awarwaro. "Ku saki kaza ta yini tonon juji, sannan ku ce ta ba ku ƙwai? Kaza tana son tsari. Kaza tana son shugabanci."

In ka ji ta, sai ka rantse ita ta koya wa kaza kwanci.

Ɗan abu guda ne ya rage, wanda bai kai a ambata ba: Madam ba ta da kaza. Ko sagara. Tsakar gidanta shimfiɗe yake da karo, daɓen tayil mai ƙyalli da ake gogewa safe da yamma, kaza kuwa ba ta san darajar karo ba. Ban da haka, tsoronsu take ji. Kaza mai rai in ta kaɗa fiffike kusa da ita, nan take Madam za ta tuna ta bar wani abu a ɗaki. Wannan ba aibi ba ne. Ai ba sai liman ya mutu yake iya sallar gawa ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani poroje, shirin masu ba da tallafi, na neman mace guda da za ta zama abar koyi a kiwon kaji a jihar. Masu kai gulma suka ƙara gishiri, suka ce wadda aka zaɓa jirgi za ta hau, ta je ƙasar Turawa ta yi jawabi. Darektan porojen, Mushe Abdurrazak, wato Malam Abdurrazak a Faransance, shi da kansa zai zo ya ga kajin.

Babban mutum ba ya rasa dabara. Madam ta taka da ƙafarta ta shiga gidan Zainabu mai ƙosai, maƙwabciyarta ta jikin katanga, gidan da rabonta da shi tun tarewa. Ta ce alheri ne ya taso wa ƙungiya, kowa zai samu. Zainabu ta ba da jan zakaranta da matansa, sauran maƙwabta ma kowace ta kawo nata. Gwaggon Madam, Atika, ta aiko da kaji kwando guda daga Tsibiri a bayan kabu-kabu. Daga Jiratawa aka samo wasu masu sanƙon wuya, waɗanda ba wanda ya tsaya bincikar tarihinsu. Wani kafinta ya buga akurki, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka rubuta sunan Madam a goshinsa da manyan baƙaƙe.

An ce baƙi za su iso da hantsi. Da yake manya ne, sai la'asar sakaliya suka iso. Kafin nan zakaru sun gama yaƙin neman sarauta, karo ya koma kamar bayan kasuwar kaji, Madam kuwa tana tsaye bisa baranda cikin farar shadda, tana ba da umarni daga nesa kamar mai tsaron wuta.

Da baƙi suka zauna, dole ta sauko cikin talakawanta. Ta tsaya dab da kajin Jiratawa, ta gyara murya.

"Mushe le Darekta, manyan baƙi, a gidan nan tsabta ita ce doka. Ƙuma ba ta da izinin shiga. Ƙwarƙwatar kaji ko a mafarki ba ta taɓa ganin ƙofar nan ba."

Daidai lokacin waɗanda aka ambata suka fara hawa ƙafarta don su gaisa. Suka wuce idon sawu, suka ratsa gwiwa, suka bazu cikin shadda. Da wata macen ce, da ta yi ihu. Madam sai ta mayar da susa ta zama salon jawabi: ta dafa ƙugu in za ta yi maganar dusa, ta bugi kafaɗa in za ta yi maganar allura, ta murza ƙafa da ƙafa don nuna muhimmancin ƙyanƙyasa. Mushe Abdurrazak ya raɗa wa na kusa da shi cewa bai taɓa ganin mai magana da dukkan jikinta haka ba.

Sai rana ta yi ja. Ita kaza ba ta san poroje ba, makwancinta ta sani. Jan zakaran Zainabu ya dubi sama, ya buga fiffike, ya haye katanga ya dira gidansu. Matansa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sauran suka yi jerin gwano ta ƙofa, kowace ta nufi gidan uwargijiyarta. 'Yan Tsibiri da Jiratawa, da yake baƙi ne ba su san gari ba, suka ɗare kan motar Darekta suka lumshe ido.

Mushe Abdurrazak ya tambaya a ladabce ina kajin za su.

Madam ko gezau. "Rassa za su," in ji ta. "Waɗannan maƙwabtan nawa bayin Allah ne, ko ƙwan tsiya ba su da shi. Sai na raba musu kajina su riƙa kwana wurinsu, su tsinci abin da ya faɗo. Ai albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko."

Baƙi suka tafa. Ƙadangarun kuwa suna tsaye a bakin zaure da mayafansu, sun ji komai. Ba wadda ta tafa.

Madam aka zaɓa, wa ya isa ya ja da ita? Ta ɗinka sababbin kaya, ta sayi akwati mai taya, ta bi gidajen manya tana sallama tana tambayar me za a zo musu da shi. Ran da aka ce sakamako zai iso, ta ci ado tana jiran tikiti.

Kamiyo ne, ƙatuwar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi ta sauke kwalaye masu huji, kowanne cike da 'yan tsaki kwana ɗaya da ƙyanƙyasa, suna tsuwa kamar ana raba gado. Mushe Abdurrazak ya yi mata albishir cewa gidanta ya zama makaranta. Za a riƙa kawo matan ƙauye su ga yadda take yi da hannunta, shi ma zai riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba. Zancen jirgi kuwa, a bakinta ya fara ji.

Ta aika wa Zainabu ta zo ta ɗebi rabon reshenta. Zainabu ta ce a gaida Madam, a gaya mata ƙadangare bai iya kiwo ba. Mijin Madam, Alhaji Alkasim, ya leƙo tsakar gida, ya ga abin da ke gudana bisa karo, ya tuna yana da kaya a Kwatano da ba su jira.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Madam ta haye kujera ta tattare shadda, 'yan tsaki sun kewaye ta, ta kira Gwaggo Atika a waya. Ita gwaggon kunnenta ya yi nauyi, sai ta buɗe muryar wayar gaba ɗaya, tana zaune tsakiyar gidan suna a Tsibiri, mata maƙil. Tsit aka yi don a ji Madam Farzidan.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri, kada kowa ya ji. Su ɗiyan nan da ba su da uwa, wace irin madara ake dama musu?"