Motar da Ta Ƙi Taka Shinkafar Ummu Hani

Jama'a, ranar Talata na ga ta kaina. Na wuni a layin mai a Gwadangaji, da layi ya iso kaina famfo ya yi tari ya mutu. Na hau motar haya zuwa Argungu, ita ma man ya ƙare mana a hanya, muka ci gaba da tafiya a ƙasa.

Nan na iske taro. Kun san mutanenmu, kwalta ce wurin shanyarsu. Inna Ummu Hani ta baza shinkafarta, abincin shekararta kaf, har rabin titi. Ga kuma Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle cikin sabuwar motar da aka sayo masa da guminmu, wadda ke tuƙa kanta, kuma duk abin da ta yi sai ta faɗi dalili. Wata babbar mota ta lalace a ɗaya hannun, hanya sai ta kan shinkafa. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati, don in taya ta bi ta kai, sai dai a ba kaji.

Mai Girma ya daka wa motarsa tsawa: "Wuce!"

Motar ta ce, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ba zan wuce ba. Ga dalili. An horar da ni da jawabanka. A ciki ka ce ka gina wa manoma dandalin shanya na siminti a daidai nan, har ka buɗe shi sau biyu. Na duba gabas da yamma, ban ga wurin shanya ba sai wannan kwaltar da shinkafa ke kai. Tunda ba ka ƙarya, nan ne dandalin, ni kuwa ba na hawa dandali. In babu shi, faɗa da ƙarfi in gyara lissafina."

Maƙwabcina Kalilu, da muke tafe tare, ya zungure ni: "Malam, wagga mota ɗiyar wa ta? Ba ta da tsoro?"

Na ce, "Ba ta neman kwangila ne."

Mai Girma ya dubi manoma, ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗauka. Faɗin gaskiya da nauyi, tafiyar ƙasa ma da nauyi, amma Allah ya ja zamaninsa, ya zaɓi mai sauƙin: ya tattare babbar riga ya taka da ƙafa cikin rana. Wallahi daɗi ya kama ni har na manta yunwa. Inna ta kwashe shinkafarta ba ƙwaya ɗaya da ta fashe, tana ta sa wa mota albarka.

Jiya na ji an kafa kwamiti, ya gano cutar motar: yawan bayani. Za a cire mata baki. Ni dai in an cire, don Allah kar a yar, akwai ofisoshin da nake son a dasa shi.