Kunnen Zomo da Butar Gilashi

Auta tana da shekara shida ta fara jin sunan. Kafin nan ita Kaka kawai ta sani, ta ɗauka da shi aka haife shi. Rannan wani mutum ya tsaya a ƙofar gida rungume da rediyo kamar mai rungume da jariri, ya ce mata, "Yarinya, Kunnen Zomo yana ciki?" Sai da ta girma ta san dalili. Shekara arba'in kakanta ya yi yana gyaran rediyo, kuma bai taɓa kwance bayan rediyo ba sai ya rufe ido, ya karkata kai, ya saurara. Daga ƙarar yake faɗa maka abin da ya lalace, kafin ya taɓa sukudireba.

Haka ma yake dafa shayinsa. Kullum da hantsi yakan ɗora tsohuwar butarsa ta ƙarfe a kan risho a ɗakinsa, ya rufe ido, ya jira ruwa ya yi masa magana. To, kunne ya daɗe da fara ja da baya. Kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa. Ranar Talata ruwan ya ƙone ƙurmus, gindin butar ya huje, hayaƙi ya cika ɗaki, tsoho yana zaune ido rufe yana jiran tafasa. Umma, 'yarsa ta cikinsa kuma mahaifiyar Auta, ta ɗauke rishon ta kulle a kicin, ta ce daga yau a filas za a riƙa kai masa. Kwana uku filas yana shiga cike, yana fitowa cike. Tsoho ya daina fitowa tsakar gida, ya daina tsokanar kowa.

Auta ce ta yi ta roƙo har Umma ta sauko. "Sau ɗaya," in ji Umma. "Shi zai kunna, shi zai kashe, kuma ba ke za ki ce masa ya tafasa ba. In ya sake barin wuta tana ci, rishon ya tafi ke nan."

Shi ya sa da hantsin Asabar Auta ta ɗaga labulen ɗakin, risho a hannu ɗaya, kwali a ɗaya.

"…lafiya lau, lafiya lau, ya isa haka," in ji Kaka daga kan kujerarsa. "Gaisuwarki ma tsawo gare ta kamar wuyanki."

"Ango, ai gaisuwar ce kaɗai ta rage tsakanina da kai. Ka tsufa ka bar ni."

"Ni na tsufa? Jiya na yi tsere da babur, mai babur ya nemi gafara. Me kika rungumo a kwali, Amarya? Ko an gaji da ke an kore ki da kayanki?"

Ta ajiye rishon a mazauninsa na da, inda ƙafafunsa suka yi wa siminti tabo. Ta ga idon tsohon ya bi shi, ya kuma yi saurin ɗaukewa kamar bai damu ba. Ta buɗe kwalin ta fito da abin a hankali.

Ya dube shi sama da ƙasa. "Kwalbar fitila ce aka yi wa hanci."

"Buta ce."

"Buta tsirara? Ba ta da kunya, kowa yana ganin cikinta?"

"Marar gaskiya ne ke tsoron a ga cikinsa. Taka shekara talatin ba wanda ya san abin da take ɓoyewa. Da ta huje Umma ta leƙa, ta ce kwaltar da ke ciki ta isa a shimfiɗa titi."

"Ba kwalta ba ce, tarihi ne! Ke kin san ko wace ce wannan butar? Akwai rediyon da ya mutu shekara biyu, na ɗiga masa shayinta ɗigo ɗaya, nan take ya kama tasha bakwai."

"Shi ya sa haƙoranka suka gudu su ma, suka bar tasha uku."

"Ukun nan sun fi naki talatin aiki."

"An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Kai kuwa ka yi haƙuri ka dafa buta, ko romo ba ka samu ba."

Tsoho ya nuna ta da yatsa. "Wannan bakin, a wajen uwarki kika gado shi. Ni nawa dangin masu ladabi ne."

"Umma 'yar wa ce?"

"Ban sani ba, a ƙofa na tsince ta."

Auta ta danne dariya, domin ta ga inuwar ƙafafu a ƙarƙashin labule. Umma tana tsaye a waje, tana ji.

Auta ta miƙa masa butar da hannu biyu. Ya karɓa yana yamutsa fuska, amma yatsunsa na mai gyara ba su san wasa ba. Suka bi mariƙin, suka bi bakin, suka ɗaga murfin, suka zaro 'yar rariyar ƙarfen da ke ciki.

"Wannan kuma fa? Kejin sauro?"

"Nan ganyen zai zauna. Cire ta tukuna. Zuba ruwa zuwa wannan layin, kar ka wuce. Sannan ka goge gindinta ya bushe kafin ka ɗora."

"Yau ni ake koya wa dafa shayi. Ina dafa shayi tun uwarki tana cin ƙasa."

"Sabo turken wawa. Goge."

Ya goge da gefen tawul, ya ɗora, ya ƙyasta ashana. Hannun bai yi rawa ba. Sai ya murɗa lagwani har harshen wuta ya lashi cikin butar ta kowane gefe.

"Rage! Kar wutar ta wuce gindinta."

"Wannan ai wutar matsorata ce. Kafin ruwan nan ya tafasa kin yi jikoki."

"In na yi su, zan aiko maka su yi maka rakiya masallaci. Rage, Ango."

Ya rage yana gunaguni. Ta kwance takardar ganyen shayin, irin na zube wanda ake aunawa, dogaye baƙaƙe a murɗe. Ya damƙo cikin hannu zai watsa a ruwan sanyi yadda ya saba, ta tare hannun.

"Ba yanzu ba. Sai ruwa ya tafasa an kashe wuta. Kuma cokali biyu, ba buhu ba."

"Cokali biyu? Shayi za a yi ko wankan jariri?" Ya kai ganyen hanci. Ya shaƙa sau ɗaya, ya sake shaƙa. "Hm. Sharar tsakar gida ce, amma ta gidan masu kuɗi."

"Ka ga na san darajarka."

"Kin san darajar gadona dai. Ki kwantar da hankalinki, na rubuta miki murfin tsohuwar butar."

Daga nan ya jingina. Kuma a gaban idon Auta ya yi abin da ya yi shekara hamsin yana yi: ya rufe ido, ya karkata kai, ya ba butar kunnensa na dama.

Auta ta dube shi, ta dubi butar. Duk dabarar da ta yi ta sayen gilashi don ya riƙa gani ne, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa mutumin ba ya kallon abin da yake saurare ba. Ƙananan ƙwayoyin iska suka fara taruwa a gindin butar kamar idon kifi. Suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, suka zama jere. Ruwan ya fara ƙara, ƙarar da ita take ji sarai. Fuskar tsoho kuwa a kwance take, yana jira, har da ɗan murmushinsa na gwani.

Ruwa ya ɓarke da tafasa. Murfi ya fara rawa. Inuwar da ke ƙarƙashin labule ta matso taku ɗaya.

In ta ce masa ya tafasa, ta karya sharaɗin Umma, ta kuma gaya masa a fili abin da gidan duka ke ɓoye masa. In ta yi shiru, risho ya tafi. Sai ta zagaya ta durƙusa a bayan butar, ta saita fuskarta daidai saman murfin, tururi yana dukan haɓarta, ta ɗaga murya.

"Ashe gaskiya ne abin da ake faɗa a unguwa!"

"Me ake faɗa?" Ido a rufe.

"Wai ba ka iya kallona. Wai kyauna kashe maka ido yake, shi ya sa kake rufewa in na shigo."

"Kyau? Ke?" Idanun suka buɗe tar. "Ni da na ga kyawawa tun kafin a ƙirƙiro madubi! Ke da hancinki kamar…"

Bai ƙarasa ba. A ƙarƙashin hancin da zai zaga, ruwa yana ta tsalle a cikin gilashi, yana bugun bango, murfi yana kaɗawa. Ya dubi ruwan. Ya ɗan karkata kai kaɗan, ya sake duba. Auta ta ga lokacin da ya gane cewa duk wannan hayaniyar a gabansa take, shi kuwa ko ƙis bai ji ba.

Ya miƙa hannu ya murɗe lagwani. Wuta ta mutu.

Auta ba ta san inda za ta sa idonta ba.

"In kika ce mini gani ya kori ji," in ji Kaka a hankali, "ni ma sai na kore ki."

"Ni na isa? Ai idan kiɗa ya sauya…"

"Wannan ma ki riƙe abinki. Miƙo kejin sauron."

Ya auna cokali biyu, ya saci kallonta, ya ƙara rabi. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ya zura rariyar cikin ruwan, ya mayar da murfi. Sai ya sunkuyo, gwiwar hannu a kan cinya, kamar yaro a bakin rijiya.

Launi ya fara fita daga ganyen kamar hayaƙi, zare-zare, yana sauka ƙasa yana murɗawa. Ganyayen da suka shiga a ƙanƙance suka fara warwarewa, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi ja.

"Ikon Allah," in ji tsoho. "Ashe haka suke yi a ciki? Shekara hamsin ina dafa su a duhu, ko sau ɗaya ba su gaya mini ba."

"Ai tsoronka suke ji. Dafa su kake yi har su mutu. Cire yanzu, ya yi."

"Bai yi ba. Wannan launin shayin marasa lafiya ne."

"Zai yi ɗaci."

"Ke ma da ɗacinki nake zaune da ke. Bari ya kai launin idon uwarki in ta yi fushi."

"To ai ya kai, Baba," in ji wata murya daga ƙofa.

Umma ce ta ɗaga labule. Ta dubi rishon, ta dubi butar, ta dubi mahaifinta.

"Wa ya kashe wutar?"

"Aljanu," in ji Kaka. "Wa kike gani a ɗakin nan mai hankalin kashe wuta? Wannan?"

Umma ta juya ga Auta. Auta ta ɗaga hannu biyu. "Ni hancina kawai na kai, aka zage shi."

Umma ta rasa ko faɗa za ta yi ko dariya. Can ta ce, "Rishon ya zauna. Amma Baba, da wannan butar kaɗai, kuma ido a buɗe."

"Ido a buɗe," in ji shi. "Dama wa zai rufe ido a gidan da ke da ɓarayi irin 'yarki?"

Da Umma ta fita, ya zare rariyar, ya ɗauko kofuna biyu daga kan tebur, ya tsiyaya. A tarihin gidan ba a taɓa jin wanda ya sha kofin farko na shayin Kaka ba, ko baƙo daga nesa sai dai ya jira na biyu. Ya tura na farkon gaban Auta.

"Sha. In da guba a gilashin nan, gara ki riga ni."

Ta kurɓa. Ya yi ɗaci kaɗan, ya kuma yi daɗi. Shi ma ya kurɓi nasa, ya lumshe ido, ya tuna, ya yi maza ya buɗe. Suka haɗa ido, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba a ji ba tun ranar Talata, har haƙoran nan uku suka fito gaba ɗaya.

"Kin ci, Amarya. Kin ci. Kwalbar fitilarki ta iya shayi."

"A maimaita, ban ji ba."

"Ba za a maimaita ba, ba gidan rediyo ba ne nan." Ya ajiye kofin, ya share baki da bayan hannu. Da ta tashi tana tattara kwalin za ta fita, sai ya kira ta, muryar ba ta tsokana sosai ba.

"Auta."

Ta juyo. Ba kasafai yake kiranta haka ba.

"Abu ɗaya nake so. In za ki zage ni, ki daina yi daga bayana ko daga bakin ƙofa. Ki riƙa zuwa nan gabana, inda zan ga bakinki. Ba na so ko guda ɗaya ya wuce ban rama ba."