Farfesan Santi Biyu da Masu Jiransa a Layi

Noelene ce kaɗai ta lura da ɗan adadin nan da ke kusurwar allon kwamfuta. Ba ta san wasan kartar poka ba, ba ta kuma nemi sani ba, shayi kawai take kawowa ta ajiye. Amma mai kawo shayi ma yana da ido. Duk lokacin da mijinta ya zauna a ɗaya daga teburan kartar nan na intanet, sai adadin masu jiran kujera ya fara hawa, kamar an buɗe shagon burodi da safe. Da zarar ya tashi zagayawa, kafin ya dawo teburin ya watse, ko kare babu. Ta gani, ta ɗauke kofin jiya, ta fice.

To ai dole a yi layi. Garin Ballarat na kudancin Ostireliya ya ga zinariya a zamanin da, ya ga attajiran da suka gina gidaje masu hasumiya, amma bai taɓa ganin irin Graeme Tuckwell ba. Da rana ma'aikaci ne a ofishin ƙaramar hukuma, sashen ba da izinin ajiye mota, inda yake buga hatimi da ƙarfin da zai sa ka ji kamar fili ya ba ka a bakin teku. Da yamma kuwa, in ya cire tayen wuyansa ya shige ɗakin baƙin da ya mayar cibiyar nazari, sai ya koma abin da aka halicce shi ya zama, wato gwanin poka. Teburin da yake bugawa na santi ɗaya da santi biyu ne, 'yan kwabban da gwamnati ma ta gaji ta daina bugawa tun Graeme yana da gashi a ka. Shi ya sa abokansa a kulob suka naɗa shi Farfesan Santi Biyu. Da yake mutum ne mai tawali'u, rabin farko na sunan kaɗai yake ji.

Kada wani ya ce caca yake yi. Kimiyya yake yi. Ya sayi kujera mai juyawa, domin an ce baya in ya miƙe tunani ma yakan miƙe. Ya daina cin dankali ranar wasa, ya koma gyaɗar almon, wadda ya ji an ce tana kaifafa ƙwaƙwalwa. Ya sayi baƙin tabarau yana sawa a gaban kwamfuta don kada abokan karawa su karanta idonsa, ko da yake mafi kusa daga cikinsu yana wata ƙasar, kuma abin da suke gani a madadin fuskarsa hoton shak ne, kifin nan mai cin mutane a teku, wanda shi da kansa ya liƙa.

Sannan ga manhajar bin diddigi, wadda ke rubuta duk wasan da ya buga ta zana masa layi biyu. Kore shi ne abin da ya faru da gaske. Mai ruwan lemo shi ne abin da ya kamata ya faru in da sa'a tana da adalci. Koren layin Graeme ya daɗe yana gangara kamar ruwan wanka yana neman magudana. Mai ruwan lemon ma gangarar yake yi, sai dai cikin natsuwa da mutunci, kuma a wani wuri, wajen bara da kaka, ya ɗan yi tudu kafin ya ci gaba da tafiyarsa. Wannan tudun Graeme ya faɗaɗa, ya buga a takarda, ya sa aka rufe masa da leda, ya manna a ƙofar firji.

A kan taswirar ƙasa da Noelene ta liƙa ya manna shi, daidai kan garin Broome na bakin teku.

Taswirar ta riga tudun zuwa firjin da shekaru. Duk wanda ya yi shekara goma a aikin ƙaramar hukuma akan ba shi dogon hutu, wata uku cur da albashinsa, kuma tun ranar da Graeme ya fara buga hatimi ya yi wa matarsa alkawari: in hutun ya zo, za su ɗaura karaban a bayan mota, su tsere wa sanyin Ballarat, su nausa arewa har sai sun ga jar ƙasa ta haɗu da teku. Karaban ɗin, ɗan ɗakin nan mai taya, yana nan a bayan gida ƙarƙashin tamfol, gizo-gizo sun yi zuri'a a cikinsa. Noelene ta ɗinka masa labule sau biyu, na farkon tuni rana ta cinye shi yana jira. Yanzu hutun ya zo, farkon watan Yuni, daidai lokacin da sanyi ke shiga ƙashi.

Ana cin abincin yamma Graeme ya ajiye cokali ya gyara murya.

“Noels, na yi nazari mai zurfi. Mutum ba ya samun wata uku irin wannan sau biyu. In na zauna na mai da hankali, kafin bazara na bar teburin santi biyu na hau na santi biyar. Broome ba inda za ta je, teku ba ya ƙafewa. Karaban ɗin ma zan ɗora shi kan bulo in mai da shi ofis, ya fi shiru.”

Noelene ta dubi ƙofar firji, inda gefen Yammacin Ostireliya ke leƙowa daga ƙarƙashin tudu.

“Gray, koren layin fa?”

“Kore na jahilai ne. Juyin sa'a ne kawai, kowane gwani ya san shi. Ke dai dubi yadda ake layi a teburina. Mutane daga ƙasashen da ko sunansu ba ki iya faɗa ba suna jira su kara da ni. Kina tsammanin ana yi wa kowa haka?”

“A'a,” in ji ta. “Na lura ba a yi wa kowa.”

Ta zuba masa ƙarin miya. Can ta ce, cikin muryar nan tata da ba ta tashin ƙuda, ilimi irin wannan bai kamata ya ƙare a ɗakin baƙi ba. Me zai hana ya nuna wa mutanen kulob ranar Asabar, a babban allon da ake kallon tseren doki? In dai don karatu mutanen can suke masa layi, ta haƙura da arewa, ita za ta ɗauko masa bulon ma.

Graeme ya ji daɗin yadda a ƙarshe aure ya fara fahimtarsa. “In kuwa aka samu akasin haka,” ya ce yana dariya, “ni da hannuna zan hura wa karaban taya.”

Asabar da la'asar kulob ɗin masu gara ƙwallo a ciyawa ya cika, domin ruwan sama ya hana wasa, kuma ranar ce ake ƙuri'ar tiren nama. Wannan kuwa ba abin wasa ba ne a kulob. Kowa ya sayi tikiti, a zuba a ganga a juya, a zaro ɗaya; wanda aka kira ya fito nan take ya rungumi tirensa, in ya yi jinkiri a sake zarowa, ko da shugaban kulob ne. Noelene ta riga kowa zuwa wajen Lindsay, sakataren kulob mai riƙe da gangar. Ta sayi tikitin da ya kusa kai tsawon hannunta, ta rubuta sunan mijinta a bayan kowanne, ta kuma raɗa wa Lindsay wata 'yar magana game da lokacin da ya dace a juya ganga. Lindsay ya ɗaga gira, ya dube ta, ya dubi Farfesa da ke can yana kokawa da wayoyi, ya ce ba matsala.

Graeme ya tsaya gaban allo da baƙin tabarau da sandar nuni.

“'Yan'uwa, abin da za ku gani yau ba a koyar da shi a jami'a. A wannan fage mutane iri biyu ne, akwai shak, akwai kifi. Kifi shi ne mai bugawa da zuciya, mai zubar da kuɗi bai sani ba. Mu gwanaye muna sa masa alama, mu ajiye sunansa, mu riƙa farautarsa kullum. Ga darasi na farko, ku riƙe shi: duk teburin da kuka ga an yi masa dogon layi, akwai kifi a zaune. Kifi na tashi, tebur ya watse. Ungulu ba ta jewar banza.”

“Mun ji, Farfesa,” in ji wani daga wajen kantar sayar da giya. “Nuna mana kafin giya ta huce.”

Ya zaɓi teburin da mutum ɗaya tak ke zaune yana hamma, ya shiga. Kafin ya gyara zaman tabarau kujeru sun cika. Ɗan adadin nan na kusurwa, wanda yau ya zama ƙato a allon tseren doki, ya fara hawa.

Merle, tsohuwar da ke shirya shayin kulob tun kafin a haifi rabin membobinsa, ta gyara nata gilashin. “Graeme, ɗana, ga layi ya taru. Wane ne kifin a cikinsu?”

“Wannan daban ne, Merle. Sunana suka gani. Akwai layin farauta, akwai layin ɗaukar karatu, sai mai ido ke rarrabewa.”

Sai ya shiga ba da karatun. Aka raba karta, ya bayyana cewa wanda ke hagunsa tsoro ne ya cika shi, ya tura kuɗi, mai tsoron ya kwashe. Ya ce da gangan ya yi, yana gina suna ne a teburin. Aka sake rabawa, ya ce lissafi ya nuna na dama ƙarya yake yi, ya bi shi har ƙarshe, maƙaryacin ya buɗe kartar gaskiya ya kwashe. Graeme ya juyo ga jama'a ya ce a layi mai ruwan lemo, wannan ci ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Layin jira kuwa sai ƙaruwa yake, har adadin ya haura goma.

Nan ne Lindsay ya buga ƙararrawa ya juya ganga.

“Tiren nama na wannan mako, sosej da haƙarƙarin rago. Graeme Tuckwell. Farfesa, ka fito ko in sake zarowa.”

Ƙa'idar Graeme ce, ya sha faɗa, gwani ba ya barin kuɗinsa a tebur ba mai tsaro. Amma shekararsa nawa yana sayen tikiti bai taɓa cin ko ƙashi ba. Ya dubi karta, ya dubi haƙarƙari. Ya danna fita daga teburin, ya nufi ganga da sauri, ya rungumi tiren da hannu biyu, ya juyo don karɓar tafi.

Ba wanda ke kallonsa. Duk kulob ɗin allo yake kallo.

Mai tsoron nan na hagu ya fara tashi. Maƙaryaci ya bi shi. Layin jira ya zube kamar an zare masa igiya. A ɗan akwatin hira da ke ƙasan allo, wanda Graeme ya saba rufewa don kada surutu ya raba masa hankali, ya kuma manta bai rufe ba yau, wani ya rubuta: “Shak ɗinmu zai dawo kuwa? Ban gama haɗa kuɗin kofina ba.” Wani ya amsa: “Kullum yana dawowa. Ku taɓo ni in ya zauna.” Ya liƙa hoton ɗan kifi yana murmushi, shi ma ya fice. Tebur ya rage fayau.

Merle ta kurɓi shayinta. “Yaya ma ka ce darasin farko yake, ɗana? Na so in rubuta wa jikana.”

Wani ya tuntsire a bayan ɗaki, dariyar ta bi tebur-tebur har ta kai wajen masu sayar da giya. Noelene ba ta yi dariya ba. Jakarta ta ɗauka, ta zo ta tsaya kusa da mijinta, ta gyara ledar da ke neman zamewa daga kan sosej.

A mota Graeme ya ja su har suka wuce tafkin garin. Can ya gyara murya.

“Abin da mutanen nan ba za su gane ba, Noels, shi ne an riga an haddace salona. Wannan yakan faru da manya. Maganinsa a ɓace na wani lokaci, a bar su su manta. Na yanke shawara, wata uku zan yi ban buga ba. Dabara ce.”

“Dabara ce mai kyau, Gray.”

“Kuma ki lura, yau ɗin ma da riba na tashi.” Ya dubi tiren da ke cinyarta. “Wannan sai wanda ya san lokacin da ake barin tebur.”

“Haka ne,” in ji ta. Ragowar tikitin suna can ƙasan jakarta, ta ƙara tura su ciki da yatsa.

Da suka isa gida ruwa ya tsagaita. Noelene ta ɗage tudun daga ƙofar firji, ta mayar da shi gefe wajen takardar ranakun kwashe shara, Broome ta sake shan iska. Ta taga ta hango Graeme a bayan gida ya yaye tamfol, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa da famfon iska, yana lalube a jikin taya. Ya daɗe yana lalube. Daga baya ya cire baƙin tabarau ya sa a aljihu, ya ga bakin tayar, ya fara hurawa.